Sunana a Bakin Lasifika

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce Zinatu, 'yar marigayi Malam Jumare na Azare. Da hannuna nake rubuta wannan, cikin watan Sha'aban na shekarar Turawa ta 1956. Hankalina ɗaya, ba zazzaɓi ke magana ba, babu kuma wanda ya tsaya a kaina. Jiki ne ya ƙi. Tun da na haifi Jumai ƙafafuna suka kumbura, numfashina ya gajarta, na kuma lura da irin kallon da unguwarzoma take yi mini idan ta zaci barci nake. Shi ya sa na nemi takarda.

Zuwa gare ku 'ya'yana: Halimatu, wadda kunyar 'yar fari ta hana ni kiran sunanta sai yau, Babayo, da Jumai da ke kwance a gefena. Gwaggonku Ya Gana, yayar ubanku, ita za ta riƙe wannan har ku iya karatu. Za ku ji labarin nan a bakin mutane da yawa, wasu da dariya, wasu da taɓe baki. Ina so ku ji shi daga gare ni.

Ranar kasuwa ce, bayan magariba, a filin da ake kafa majigi. Ubanku, wanda bakina bai taɓa furta sunansa ba amma alƙalami ba ya jin kunya, shi ne Umara mai majigi. Hotunan da motar majigin take yawo da su wasu kurame ne, wasu Turanci suke yi, don haka shi yake tsayawa gefen mota da lasifika yana ba kowace fuska murya. Ya yi ta tsoho, ya yi ta amarya, ya yi ta jaki. Bara wani Baturen lafiya ya zo ɗaukar hoto a Katagum kan ciwon kurkunu. Ana neman wanda zai fito a wawan miji, mai korar matarsa don tana tafasa ruwan sha. Kowa ya ƙi, ubanku ya karɓa. Ana neman mata, babu mijin da zai bari tasa ta tsaya a matsayin matar wani. Sai na ce ga ni. Na karanta labarin mata da yawa a littattafai, na so in ga yadda ake zama ɗaya daga cikinsu.

Ranar da aka ɗauki hoton, ya ɗaure fuska, ya nuna mini ƙofa da yatsa. Abin da bakinsa yake faɗa a lokacin shi ne, “Don Allah riƙe dariyarki, kar ki ɓata mana aiki.” Ba abin da ya faɗa bayan wannan. Ku riƙe shi.

To, ranar da aka kawo hoton Azare ina zaune cikin mata da cikin Jumai, Babayo a cinyata. Na ga kaina a jikin farin ƙyalle, na fi ɗaki tsawo, ina hura wuta. Mata suna ta zungurina. Sai muryar ubanku ta cika filin: “Zinatu! Ruwa tuwo ne da za ki dafa shi? Kin ƙarar mini da itace! Tattara komatsanki, na sake ki!”

Filin ya kece da dariya, har da ni. In gaya muku gaskiya, daɗi ma na ji. Tun da muka yi aure bai taɓa kiran sunana ba, daga “ke” sai “uwar Babayo”. A littattafaina masoya suna kiran juna da suna, kullum ina sha'awar haka. Ga shi yau ya kira ni gaban duk gari.

Wani mai shanu da ake kira Jalo, bawan Allah marar mugunta, yana share hawayen dariya ya ce, “Wallahi haka ya ce mata a Shira, haka ya ce a Zadawa, har na haddace!” Kusa da shi Baffa Talha ne zaune, ƙanen mahaifina, malamin da ya riƙe ni tun ina marainiya. Bai taɓa zuwa majigi ba, ranar ya zo ne don an ce masa 'yarsa ce a ciki. Ya miƙe tsaye ya ce, “Shira, Zadawa, da nan. Saki nawa ke nan, Jalo?” Dariya ta mutu daga sahun maza, ta bi layi tana mutuwa har ta iso inda muke. Baffa ya ce a kashe inji. Sannan ya juyo wajen mata ya ce, “Zinatu, tashi ki ɗauki yaranki. Ba ki da miji a filin nan.”

Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar wata ce ta tashi, ni ina zaune ina kallo. Ban yi faɗa da kowa ba. Da rana na dafa wa ubanku dambu ya ci ya yi santi. Kafin isha'i ina gidan Baffa, an ce aurena ya mutu tun kafin in san yana ciwo. Ta yaya aure zai mutu a Shira alhali ina Azare ina daka?

Ga abin da na bar muku.

Na ɗaya. Littattafaina na Halimatu ne, suna cikin kwallar da ke ƙarƙashin gado, an naɗe su da tsohon kallabi saboda gara. Mai koren bango ba nawa ba ne, na Mariyamu ce matar malamin makaranta, a mayar mata, a ce na gode, ban kai ƙarshensa ba. Halimatu, kar wani ya ce miki karatu ne ya kashe auren uwarki. Ki karanta. Amma ki sani a littafi idan aka raba masoya, marubuci yana nan yana jiransu a shafi na gaba. Ni na yi ta jiran shafin.

Na biyu. Babayo, akwai wani ɗan kati a cikin akwatin ubanka mai hoton wani Bature ɗan Amurka, dogon haɓa, kunnuwa kamar faifai. Ni ya ba, ni kuma na ba ka. Sunansa Otis Barandal, mutanen Azare suna ce masa Dogon Haɓa. Dole ka san shi, don da ba shi ba, da ba mu iso nan ba.

Ubanka ya fara ganinsa lokacin da yake tsaron ƙofar wani silima a Kano, wani akawu kuma ya karanta masa tarihinsa a mujalla. An ce da shara ya fara a gidan wasan kwaikwayo. Fuskarsa ta tsufa tun yana saurayi, sai aka riƙa ba shi matsayin tsofaffi. Ya yi shekaru yana bin ƙungiyar 'yan wasa gari-gari a jirgin ƙasa, yau ya hau dandamali a liman irin nasu, gobe a ɓarawon doki. Da hoton silima ya yi ƙarfi ya koma can. Bai taɓa zama jarumi ba. Shi ne mai kanti, shi ne likita mashayi, shi ne mai riƙe wa jarumi linzami, shi ake harbewa tun kafin labari ya yi nisa. Sunansa can ƙasa ake rubuta shi, lokacin da mutane sun fara neman takalmansu. Ubanka yakan ce, “Jarumi fuska ɗaya gare shi, Dogon Haɓa kuwa gari guda ne.” A gajerun hotunan da ake sawa bayan na darasi, in ya fito, ubanka ya fi ba shi murya mai daɗi, ya kuma laƙa masa sunan wani ɗan Azare don a yi dariya. Daga nan ya saba kiran sunan gaske a lasifika.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. Mutumin nan an kashe shi ba adadi, ya yi rantsuwar ƙarya, ya kori mata, ya tsine wa 'ya'ya. Amma an ce mata ɗaya gare shi tun ƙuruciya, in an tashi wasa gida yake komawa ta zuba masa abinci. Maganarsa ba ta taɓa biyo shi gida ba. Ubanka ya ɗauka ko'ina haka ne. Babayo, in muryar ubanka ta fito a bakinka, ban hana ka sana'arsa ba, ya ciyar da mu da ita, ya kuma sa ƙauyuka da dama sun koyi tafasa ruwa. Sharaɗina ɗaya: kar ka taɓa sa sunan mutumin gidanka a wasa.

Na uku. Jumai, ke ce ba za ki tuna fuskata ba. Zanen saƙi da na ɗaura a hoton naki ne, da tasoshina, da akuyar da ke wajen Ya Gana. Ubanku ya rantse zai ƙona hoton nan. Na hana shi, kayan hukuma ne, kuma shi kaɗai ne wurin da za ki gan ni ina motsi. In an taɓa nuna miki, ki roƙa a kashe lasifika. Ki duba wajen da ya nuna mini ƙofa, za ki ga na cije leɓe. Ba kuka ba ne. In wani ya yi miki gori, ki ce cikin aure aka same ki, wannan ko Baffa bai musa ba.

Na huɗu, shi ne mai nauyi. Maganar ta je gaban alƙali. Wani malami da aka nemi fatawarsa, Malam Jaji na Katagum, ya ce hikaya ce: mutum ne yake faɗin maganar wawan da ke jikin ƙyalle, ga inuwar da ke jikin ƙyalle, a Shira da Zadawa kuwa matar ba ta ma garin. Baffa ya ce saki ba ya karɓar wasa, ya kira sunanta, matarsa ce, da bakinsa, gaban shaidu sun fi a ƙirga. Alƙali ya rantsar da ubanku, ya ce aure yana nan. Baffa ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofata. Ya ce, “'Yata, alƙali ba zai shiga kabari tare da ke ba. In kin koma gidan Umara, ni ba zan tsaya a kan gawarki ba, kuma ba wanda zai taka can daga gidan ubanki.”

Wasu mata sun kawo shawarar in auri wani na ɗan lokaci ya sake ni, kowa ya huta. Na ce wasa ɗaya ya ishe ni.

Ina umartarku kada ku riƙe Baffa da komai. Shi ya sayar da ragonsa ya yi mini kayan ɗaki. Shi ya fara koya mini baƙi, ko da yake bai san inda zan kai shi ba. Ba ƙiyayya ce ta tashe shi a filin nan ba, tsoron wuta yake ji mini, da gaske yake ji. Ku gaishe shi kowace Juma'a. In ya kau da kai ku durƙusa, in ya yi shiru ku koma wata Juma'ar. Kada kuma ku bari a zagi Jalo, abin da ya ji ya faɗa.

Na biyar. Ubanku bai sake taɓa lasifika ba tun ranar. An ce mini yana zaune a zaure, mutumin da yake da muryar gari guda, yanzu sallama ma da kyar yake amsawa. Yakan zo bayan katangar gidan nan da hantsi ya yi tari, don in san ya zo. Ku riƙe shi. In ya yi aure ku girmama matar. Ku gaya masa na ce ya koma bakin aikinsa, Dogon Haɓa yana can ba shi da murya.

Kada a raba ku, ɗaya a gidan Baffa, ɗaya a Katagum, ɗaya goye a bayan wata mace. Ku tashi a tukunya ɗaya, a hannun Ya Gana, a gidan ubanku. Jinin gidaje biyu ne a jikinku, ku za ku zama hanyar da ke tsakaninsu tunda ni na kasa. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku cikin imani, Ya tsare harsunanku, Ya ba ku masu kiran sunanku da alheri. Na yafe muku abin da kuka yi da wanda ba ku kai ga yi ba. Ku nema mini gafara, ku nema wa Baffa.

Na auna maganar malaman nan biyu iya hankalina, na yi istihara, ban zama malama ba. Abin da na sani, ina wurin ranar da ya nuna mini ƙofa, na kuma ji abin da ya ce. Na gaya wa Baffa shawarar da na yanke da bakina ɗazu, ya tashi ya shiga masallaci. Ya Gana ta nemo amalanke. Gobe da hantsi zan koma ɗakina.