Na'urar Keken Maigidana Tana Ƙamshin Burodi

'Yar nan, don Allah ki taimake ni. Ni tsohuwa ce, ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Ina faɗa ne maƙwabciyata mai ɗinki tana rubutawa, ita ce ma ke karanta min filin nan naki na ba da shawara a jarida idan aiki ya yi mata sauƙi. In kin ga magana ta karkace, laifin bakina ne, ba na hannunta ba. Yau kwana huɗu abinci ba ya wuce min maƙogwaro.

Maigidana shekara talatin da biyu ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Har yau a unguwarmu Mai Wasiƙa ake ce masa. Da ya yi ritaya sai ya jingine keke ya rungumi kujera. Tumbi ya fito, suga ya shigo, jini ya hau. Likitarsa ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya riƙa motsa jiki a hankali. Babban ɗanmu, da ke aiki a wani gari, yana jin haka ya aiko masa da sabon keke da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ana maƙala ta a hannun keken. Wai ji-fi-es. Duk inda keke ya bi tana rubutawa, da nisan da aka yi da saurin da aka yi, ta aika wa yaron a wayarsa. Ni 'yar gulma nake ce mata. Autarmu ta sa min abin a tawa wayar, ta ce in na ga ɗigo shuɗi yana tafiya babansu ne, jan zaren da ke binsa kuma hanyar da ya bi ce. Lambobin dai ban san su ba, sai an karanta min.

To aka fara. Kullum da safe ya sa hular kwano ya fita, sai wajen sha ɗaya ya dawo. Wata bai cika ba yaron nan ya fara kirana bakinsa har kunne, wai Baba ya yi kilomita ashirin, gobe wai Baba ya yi talatin. Ya yi ta tura wa 'yan'uwa da abokan aikinsa hoton jan zaren. Jikoki suka koma kiran kakansu Zakara. Shi kuma tsohon sai ya gyara zama ya ce ai ƙafa ba ta manta aikinta.

Ni fa ni ke wanke masa kaya. Na wanke rigar mutumin nan shekara talatin da biyu yana yawon wasiƙa, na san yadda take dawowa, jiƙe sharkaf, da farin gishiri a baya. Wannan kuwa yadda na goge ta haka take dawowa. Mutumin da ya yi wannan uwar tafiya ya dawo ba ya neman ruwa, ba ya jin yunwa, ƙafarsa kuma tana nan a kumbure? Na yi wa Auta maganar, ta yi dariya ta ce Mama na'ura ba ta ƙarya, daga sama ake auna ta. Na ce a raina, ni dai ba daga sama nake aunawa ba, daga bahon wanki ne.

Sai na koma kallon zaren. Karatu ne ban iya ba, amma ina da ido. Mai yawon motsa jiki ai miƙewa zai yi ɗoɗar. Wannan zaren shiga lungu yake ya fito, ya shiga na gaba ya fito, kamar haƙoran zarto, kuma kullum iri ɗaya. Ranar Talata babu zare sam, ya ce ranar hutunsa ce. Rannan na ɗauki 'yar gulmar zan goge mata ƙura, sai na ga farin abu a gefen maɓallanta. Na lakata da farce na ɗanɗana. Fulawa. Na kai ta hanci, wallahi ƙamshin burodi take yi.

 Akwai inda zaren ke ratsawa kusa da mu, ta wajen famfon bakin titi. Washegari na ɗau wayata na je na tsaya.  Ɗigon nan ya taho, ya tsaya, ya taho, ya tsaya, har ya shawo kwana. Na ɗaga kai. Mai burodi ne, magidanci mai furfura a gemu da ke kai wa shaguna, kwanduna biyu a bayan kekensa, ga 'yar gulma ɗaure da roba a gaba. Gidan burodin nasu Talata suke hutu.

Na tare shi na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na miƙa hannu. Bai yi musu ba. Ya kwance ya ba ni yana ta rantsuwa wai Baba ne ya ce a riƙa zagayawa da ita don kada batirin ya kwanta. Na tambaye shi ina Baban, ya nuna min shagon mai gyaran agogo da baki.

A nan mai ɗinki ta ajiye biro don masu kaya sun zo. Malama mai ritaya da ke saman benenmu ce ta karɓa, in kin ga rubutu ya canza.

Na same shi a ƙuryar shagon, keke jingine a bayan kanta, hular kwano a kan gwiwa, suna buga kati da abokinsa. Na ajiye na'urar a kan katin na ce masa sannu da tafiya, yau ka kai burodi shago goma sha bakwai, ka zo gida ka huta. Mai agogo ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai yar ba.

A gida na shirya faɗa, amma ban samu yi ba. Zama ya yi a bakin gado ya gaya min gaskiya. Ashe a rana ta uku, a ɗan hawan da ke gaban gada, numfashinsa ya ɗauke, ya sauka yana tura keke, wasu mata da ya yi shekaru yana kai musu wasiƙa suka tsaya suna yi masa sannu. Hawan da a da yake yi da buhu biyu yana busa fito da baki. Ya ce ba zai iya bari ɗansa ya buɗe waya ya ga kilomita ɗaya ba. Shekara arba'in da shida muna tare, ko da mahaifiyarsa ta rasu ban ga idonsa ya yi haka ba.

Na ce to, mai burodi dai an sallame shi. Akwai filin ƙwallo a bayan makaranta, da sassafe ba kowa, ba hawa ba gangara. Na ɗau kujerata da gwangwani biyu da maɓallan da mai ɗinki ta ba ni. Duk zagaye ɗaya in cire maɓalli daga wannan in jefa a wancan. Ranar farko maɓalli biyu ya yi ya sauko yana haki, yana ce min shugabar 'yan sanda. Na ce na ji, gobe uku. In ya yi ragwanci na girgiza masa gwangwani, ya ce da ya san haka da kurma ya aura.

'Yar nan, sati bakwai ke nan. Jiya maɓalli ashirin da ɗaya. Na'urar ta ce kilomita shida da ɗoriya, kuma ita da gwangwanina ba su taɓa saɓawa ba. Zaren yanzu zagaye yake kamar zobe. Takalminsa da ya ƙi shiga ya shiga. Awon suga na safe ya sauko. Rigar kuwa tana dawowa jiƙe, da gishirinta a baya, ina wankewa ina jin daɗi kamar an ba ni kyauta. Ni da ban san ko harafi ɗaya ba na gano abin da ya wuce mai digiri.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Yaro ya ga nisa ya ragu, uban ya ce masa atisayen sauri yake yi yanzu. Shi kuma ya yarda, har ya je ya sa sunan uban a tseren keke na dattawa, kilomita arba'in, saura sati uku. Ya ɗau hutu, zai zo da matarsa da yara, an buga riguna da hoton kakan. Ana buƙatar likita ta sa hannu, yaron ya tura mata tafiye-tafiyen mai burodi gaba ɗaya, ranar Alhamis za mu je. Tsohon ya ce zai hau, gara ya faɗi a hanya da a ce ya yi wa ɗansa ƙarya. Ya roƙe ni in rufa masa asiri. In na faɗa na kunyata shi a gaban 'ya'yansa, ina tsoron ya jingine keken nan har abada. In na yi shiru ina tsoron a kawo min shi a mota. Wanne zan yi?

Tsohuwa mai maɓallai

*

Mama,

Kafin komai, sannu da aiki. Na'urar nan inda take kawai ta sani, ba ta san wanda ke ɗauke da ita ba. Ke kika sani, kuma ba ki tsaya a kama mai laifi ba, kika mayar da shi kan keke da ƙafarsa. Wannan ya fi kilomita arba'in wuya.

Batun likita babu shawara biyu. Kada ta sa hannu a kan tafiyar da wani ya yi. Da waɗannan lambobin take auna ƙarfin zuciyar Baba, da su ma za ta iya rage masa magani. Ranar Alhamis ki shiga ɗakin tare da shi. Ki gaya masa tun yau cewa za ki ba shi dama ya fara faɗa, in bai faɗa ba ke za ki faɗa. Abin da aka yi a ɗakin likita a can yake tsayawa, kuma ina tabbatar miki ta ji abin da ya fi wannan.

Batun ɗanku ne ke son lallami. Tsoronki yana kan hanya, mutuncin dattijo ba abin wasa ba ne, kuma kin riga kin taɓa shi sau ɗaya a gaban mai agogo. Kada a yi na biyu. Amma shi ma yaron yana da haƙƙi. Ƙauna ce ta sa ya sayi keken, ita ce ta sa ya buga riguna. Ki tuna yadda zai rayu in wani abu ya sami mahaifinsa a tseren da shi ya sa sunansa. Shirunku ba kare shi yake yi ba.

Don haka Baba ne zai kira shi da bakinsa, su biyu, kafin Alhamis, ba a gaban suruka ko jikoki ba. In ya ce asiri zai tonu, ki ƙirga masa da maɓallanki: mai burodi ya sani, mai agogo ya sani, mai ɗinki da Malama sun sani. Waɗanda suka rage su ne mutum biyun da ya fi kamata su sani, likita da babban ɗanku. Gara ɗansa ya ji daga gare shi da ya ji a bakin titi. Kuma ba hannu wofi zai je ba. Ya fara da hawan gadar nan, ya faɗe shi yadda ya faɗa miki, sannan ya nuna masa zoben sati bakwai, daga zagaye biyu zuwa ashirin da ɗaya. Yaron zai ji zafi na kwana biyu, wataƙila har da kunyar abokan aikinsa. Ku bar shi ya ji. Ina kyautata zaton daga baya wannan ne labarin da zai fi ba wa 'ya'yansa.

Sauran aikin hannu ne. Auta ta goge tafiye-tafiyen mai burodi daga wayar, a bar na gaskiya. A tambayi masu shirya tseren ko akwai gajeren zango, sau da yawa ana yi, in kuma likita ta yarda ya shiga wannan. Ku tambaye ta batun ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, da yawa daga na'urorin nan suna haɗuwa da ita. Ya riƙa fita da ruwa da 'yar alewa saboda suga, in ya ji jiri ko nauyi a ƙirji ya sauka nan take, ko saura maɓalli ɗaya.

In babu gajeren zango, hutun da aka ɗauka da rigunan ba su tashi a banza ba. Ku kwashi kowa ku tafi bayan makaranta da sassafe. A jera jikoki a bakin fili, ki miƙa wa babban ɗanki gwangwani ɗaya ki riƙe ɗaya, ya jefa maɓallan da hannunsa, ya ga ubansa ya sauko da riga jiƙe.

Ki ci abinci yau, Mama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da ƙarfin ƙafa, ya bar ku tare, ya sa watarana ki aiko min cewa maɓallan sun ƙare sai da aka koma wurin mai ɗinki.