Luba Tana Aitape

Lahadi, 19 ga Yuli, 1998
A labaran rana na ji. Teku ta taso ta cinye ƙauyuka kusa da Aitape, a Papua New Guinea. Garin da Luba take aikin nas ke nan. Na ajiye shayin. Wata goma sha huɗu rabona da muryarta. Ranar da za ta tafi ko ƙofa ban raka ta ba, na ce 'ya mace ba ta zuwa bangon duniya ita kaɗai. Ta tsaya da akwati ta ce, "Baba, ka sa mini albarka mana." Na ci gaba da karanta jarida.

Litinin, 20 ga Yuli
Lambar da ta bari ba ta shiga. Sau tara.

Talata, 21 ga Yuli
Na je Old Kent Road, nan cikin London, wurin Masawudu, mutumin Kumasi mai sayar da tikitin jirgi. Ya ce London zuwa Singapore, daga nan Port Moresby, babban birninsu. Na ce to daga can sai in hau mota. Ya girgiza kai. "Alhaji, hanya babu. Kusan kilomita ɗari tara ne, dutse da daji, sai jirgi." Shi ma sai an sauka Wewak an nemi ƙarami, kuma yanzu masu agaji ne suke cika shi. Na ce ya yi mini booking haka nan. Ya ce in je gida tukuna.
A bas ɗin komawa gida Plumstead na yi ta lissafi. Ya kusa nisan Kano da Legas, kuma ba titi.

Alhamis, 23 ga Yuli
Ban je aiki ba. Na shiga ɗakinta na zauna. Da mahaifiyarta Safura na raye da ita ta san abin yi. Wasiƙu huɗu Luba ta aiko, yau na buɗe su.

Asabar, 25 ga Yuli
Ƙarfe goma na safe waya ta yi ƙara. Luba ce. Layin na ta yankewa. Tana nan lafiya, ruwan bai kai inda take ba. Kwana bakwai tana ɗinke raunuka. Turanci take ta zubawa tana kuka, can ta ce da Hausarta mai karkata, "Baba, na gaji." Na ce ta dawo gida. Ta ce ba yanzu ba, mutane na kwance. Na buɗe baki in yi faɗa. Abin da ya fito shi ne Allah Ya yi miki albarka. Ban san ko ta ji ba.

Juma'a, 7 ga Agusta
Gidan shiru. Bayan sallar Juma'a na biya wurin likita, na tambayi wane maganin zazzaɓin sauro mai zuwa can yake sha. Tambaya kawai na yi. Shi ne ya rubuta mini maganin.