Na share shafinka, Yaya Bala

Assalamu alaikum, Yaya Bala. Gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Hadiza ce. Laifi na zo faɗa maka, kuma gaskiya ba nadama nake yi ba.

Shafin intanet na ƙungiyarmu ta Hausawan Greensboro a nan Amurka, wanda ka gina da hannunka, na share kusan komai a kansa. Hoton shugaba, jawabin maraba, hotunan Sallah, tallan masu turare, duk na kwashe. Na bar gurbi ɗaya da mutum zai rubuta abin da yake nema, sai lambobin gaggawa a ƙasa.

Kada ka harare ni, kai ka koya mini. Ka tuna farkon zuwana, da ka ɗauko ni daga tashar bas ta cikin gari, kana ba ni labarin kamfanin binciken intanet da ka yi wa aiki kafin ya rushe? Ka ce ba rashin ƙwararru ne ya kashe ku ba. Manyanku ne suka ɗauka nasara ita ce a riƙe mutum a shafi ya daɗe. Suka cika fuskar shafin da labarai, wasanni, hasashen yanayi, da talla mai ƙyaftawa. Wanda ya biya shi ake ɗorawa a sama, ko da ba shi aka nema ba. Da abokin aikinka ya gyara binciken har yana ba da amsa nan take, manaja cewa ya yi abin ya yi kyau da yawa, mutane za su riƙa tafiya da wuri. Can wasu suka zo da farin shafi, ka tambaya, su nuna maka hanya, ka wuce abinka. Jama'a suka koma wurinsu, ku kuma aka sallame ku.

"Mun mayar da mai tambayar hanya baƙon kwana," haka ka ce, kana dariya.

Amma fa Yaya, da dattawa suka ba ka aikin shafinmu, abin da ka yi ke nan sak. Alhaji shugaba ya ce ba a shiga gidan mutane babu gaisuwa, kai kuma kunya ta hana ka musu. Kowa ya kawo hotonsa ka liƙa.

Ranar da ka rasu, da hantsi, ina tsaye a barandar asibiti, ma'aikaciya tana tambayata wa zai zo ya ɗauke ka. Na buɗe shafinka ina neman lambar masu wanka da sutura. Ina ja, ina ja, hotunan mutane cikin manyan riguna suna ta yi mini murmushi. Sai can ƙarƙashin sanarwar wata walima na same ta. Wallahi na ji haushinka ranar, kana kwance ba ka san ma ana yi ba, kuma har yau kunyar wannan haushin nake ji.

Ranar Lahadi za a zauna a gidan Alhaji a unguwar Irving Park. An ce na yi rashin ladabi, na goge aikin mamaci, za a karɓe shafin daga hannuna. Zan je, zan durƙusa in gaishe su yadda Inna ta koya mana, amma ba zan mayar da komai ba. Makon jiya wata baiwar Allah a Pleasant Garden, can bayan gari, ta rasa mahaifiyarta, ba ta san kowa a garin nan ba. Ko minti ɗaya ba ta yi a shafin ba, sai ga lambar ta samu, kafin azahar mata sun isa gidanta. Ta ce za ta bi ni zaman.

Su ba sa ba ni tsoro. Kai ne nake so ka yarda. Ka yafe mini aikinka da na goge, Yayana, ni ma na yafe maka wancan hantsin.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a inda babu rabuwa.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Hadiza