Gudun da Ba Mai Kora

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Lubabatu, da mutanen Zugu duka. An samu shiga gona bana?

Lafiya nike nan Alƙahira, sai dai ƙafafuna sun ɗan kumbura da zaman karatu, likita ya ce in riƙa motsa jiki.

Inna, ji abin mamaki. Ran da na fara fita da safe, na hangi mutane na sheƙa gudu bakin kogi. Gabana ya faɗi, na laɓe bayan mota. Wani dattijo ya tsaya yana dariya, ya ce ba mai korarsu, lafiya suke nema!

Yanzu kullum ina bin su. Ki sa ni addu'a, Inna. Duk na fi su sauri, amma ni kaɗai ke waiwaye.

Ɗanki,
Khalilu