Kuɗin Adashi a Hannun Mama

Mangweni, 14 ga Agusta, 1999

Zuwa ga maigidana Baban Zama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ƙirjin nan kuma ya daina damunka a cikin ramin zinariya. Mu duk lafiya lau. Zama ta ce in tuna maka takalmin makaranta, Mama kuma tana sa maka albarka.

Ka tambayi labarin gidan cacar da aka buɗe a bakin babban titi. To, sai dai mu ce Allah ya kyauta. Ranar albashi da ranar fansho bas ɗinsu na kyauta yake zuwa ya kwashe mutane, har da abincin rana ake ba su. A da ƙarshen wata ba na samun damar zama a kanti, yanzu kuwa har gyangyaɗi nake yi. Kajee mai kujeru da gadaje ya rufe, kotu ta yi gwanjon kayansa ranar Talata. Baba Gumbi mahauci da yake yanka shanu huɗu a mako ya koma ɗaya. Jiya ya ce mini, "Ɗiyata, mutanen garin nan sun daina cin nama, yanzu injin caca suke ciyarwa."

Amma kai kada ka hana kanka barci. Kantinmu ba zai faɗi ba. Matan adashin coci ashirin da huɗu ne, shekara guda suke zubi, kuma a Disamba wurina suke sauke kuɗin gaba ɗaya su kwashi garin masara da shinkafa da mai da sukari. Cinikin ranar nan ɗaya ya fi na wata huɗu. Kuma wa ke riƙe da kuɗin da littafin? Mahaifiyarka, shekara goma sha ɗaya ko sisi bai taɓa ɓata ba. Kajee ba shi da suruka irin tawa, shi ya sa.

Ka gaida mutanen garinmu na ɗakinku. Ina kewarka ƙwarai.

Matarka,
Fikile

Mangweni, 23 ga Oktoba, 1999

Baban Zama,

Ina gaisuwa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka ba kowa ya karanta maka.

Na riga na yi odar kayan Disamba daga dilanmu na Durban, kamar kowace shekara. Na biya rabi, sauran sai sha biyar ga Disamba, kuma na sa hannu cewa in na gaza, kayan kanti da firiza nasa ne. Kwana uku bayan haka MaZwane, sakatariyar adashin, ta shigo sayen sabulu, ta tsaya tana juya shi kamar ba ta taɓa ganin sabulu ba. Can ta ce, "Maman Zama, wai surukarki asibiti take zuwa kowace Laraba? To wane asibiti ne bas ɗinsa ke da hoton tsabar kuɗi a jiki?"

Na kusa jifanta da sabulun. Amma ranar Laraba na rufe kanti na tsaya bayan gidan mai, na ga Mama da idona ta hau bas ɗin, da hular cocinta a jaka.

Matan nan duk sun sani tun watan Yuni. Babu wadda ta nemi ganin littafin, don wai ba a tambayar babba lissafi. Ni kuwa surukarta, wadda ko sunan mahaifinka ban taɓa furtawa ba saboda kunya, ni ce ta ƙarshe da ya kamata ta buɗe baki. Na kwana biyu ina juya abin. Na ga in na yi shiru, kunyata za ta cinye guminka na shekara goma sha shida a ƙarƙashin ƙasa.

Ranar Asabar da safe na yafa mayafi, na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na ce, "Mama, ki yi mini aikin gafara, ina son ganin kuɗin adashi." Ta dube ni ta ce, "Ashe shanun sadakin da muka biya a kanki, ɗan sanda muka sayo?" Na ce, "Ko me za ki kira ni, Mama, ba zan tashi ba." Sai da gwiwoyina suka mutu sannan ta turo mini gwangwanin kuɗin da ƙafa. Rand dubu tara da ɗari huɗu sun ɓace daga ciki. Ta ce da fanshonta ta fara, sannan ta ara don ta mayar.

Na ɗauke sauran na kai banki da sunan mata uku. Tun ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, abincina ma Zama take ba. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma ban yi nadama ba. In za ka yi faɗa, ka yi da ni, kada ka rubuto mata.

Taka har kullum,
Fikile

Mangweni, 17 ga Disamba, 1999

Baban Zama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarka, layi uku, babu ko "matata". Na karɓa.

Ga yadda aka ƙare. Na yi lissafi ta kowace fuska. In na cike giɓin daga kanti don in rufa mata asiri, ba zan iya biyan dila ba. In na faɗa wa matan gaskiya, za a cire ta daga coci da tsufanta. Na yanke shawarar in faɗa, in roƙe su su karɓi kayan da ya samu, ragowar in biya su a hankali zuwa bikin Ista. Har na haddace abin da zan ce.

Ranar rabo, Litinin, matan suka cika tsakar gidanmu da fararen rigunansu na coci, babu Mama. MaZwane tana ta kallon ƙofa tana kallona. Na miƙe ke nan zan yi magana sai ga ta, ƙafafunta buɗu-buɗu da ƙura. Ashe tun asuba ta kora shanunta zuwa wurin gwanjo da kanta, da sanda. Ka san su, 'ya'yan saniyar da aka ba ta a matsayin uwar amarya lokacin auren ƙanwarka Ntombi, guda biyar, waɗanda ko mahaifinka bai isa ya taɓa ba. Disamba ce, masu biki suna neman nama, sun yi kuɗi.

Ta zube kuɗin a kan tabarma ta ce, "Ku ƙirga. Na ci amanarku a gidan caca, ga shi na mayar. Dukanku kun gan ni kuka yi ta yi mini murmushi. Yarinyar nan kaɗai ce ta ɗauke ni mutum har ta tambaye ni." MaZwane ta jawo kuɗin gabanta. Aka ƙirga, ya cika har da canji.

Na biya dila ranar Laraba da safe. Baba Gumbi ya rufe makon jiya, mai wankin kaya ma haka, yanzu a layinmu daga ni sai mai gyaran takalmi. Kantinka yana nan, kuma zai buɗe a Janairu. Matan sun yarda daga yanzu duk zubin wata a sayi kaya da shi nan take a ajiye a sitona.

Abu ɗaya nake roƙonka. In ka sauka ranar Alhamis, ta gefen garke za ka shigo, kuma za ka gan shi wayam. Kada ka tsaya, kada ka tambaya. Har yanzu kowace yamma takan ɗauki sandarta ta je ta rufe ƙofarsa, ni kuma na hana kowa ya ce mata komai. Ka wuce kai tsaye ka gaishe ta yadda ka saba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Fikile