Ranar da Ramin Zinariya Ya Rufta

Yaya Yuguda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da mutan gida. An ce gyaɗa ta yi kyau a Ɗambatta bana, Allah ya sa albarka.

Ni lafiya lau, kada Inna ta damu. Aikina na zama ne gaban kwamfuta. An binne na'urori a ramin zinariyar nan, in aikin haƙa ya sa dutse ya motsa sai manhaja ta nuna min. Ranar Talata ta nuna haɗari, na sa aka fito da ma'aikata, ba a jima ba ramin ya rufta. Har kujerata sai da ta girgiza. Ba wanda ya ji rauni, alhamdulillahi.

Nan take kowa ya zaro waya yana kiran 'ya'yansa. Ni kuwa hoton da ka turo na buɗe, yarinyar nan a bayan babur ɗinka, ta ƙanƙame ka. Wallahi Yaya, kishi ya kama ni. Don 'yar fari ce aka ba ka riƙonta, aka bar ni da kunya. Kai take kira Baba, ni ko sunanta ban taɓa faɗa gaban Inna ba.

Ban ce ka dawo min da ita ba. Amma in na kira ran Juma'a, ka koma gindin rumbu inda Inna ba za ta ji ba, ka miƙa mata wayar. So nake in ce "Tahira" ta amsa.

Ƙaninka,
Kamaruddeen, daga Afirka ta Kudu