Allon da Ya Ƙi Alli

Zuwa ga Malam, shugabanmu na farko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ni ce ɗalibarka, 'yar kafinta, wadda ke zaune a kujerarka yanzu. Za mu gina ɗakin gwaje-gwaje, injiniya kuma ya ce sai an rushe ajin farko, wanda iyayenmu suka gina tun unguwar nan duk gonaki ce. Sa hannuna kawai ake jira. Gaskiya ban damu ba. Allon bangon nan da marigayi Baba ya shafa wa fentin ƙofa, alli ya riƙa zamewa, shi ya jawo mini sunan Santsi har na gama makaranta. Amma ba zan taɓa shi ba sai da saninka.

A gaida Mama.
Ɗalibarka

Zuwa ga Santsi,

Lafiya lau, ƙafa kuwa sai lallaɓawa. Ashe har yanzu kina jin haushin sunan?

Ba ki san ƙarshen labarin ba, domin ranar da alli ya ƙi kamawa an sallame ku da wuri, sauran kuma ya faru kafin ku iso makaranta. Washegari mai duba makarantu zai zo, kuma an riga an raɗa mini cewa rufe mu zai yi, a mayar da ku cikin gari. Babanki ya dawo da sassafe da takardar goge katako, kunya ta hana shi kallona. Mai shayi ya gani ya shigo, tela ya biyo, sai ga iyaye mata da soson ƙarfe, duk suka hau kankare allon. Haka mai duba makarantun ya same su, baƙi ƙirin har gira. Ya tambayi babanki nawa ake biyansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yata ce a ajin." Sai mutumin ya ce mu ci gaba da karatu.

Har gobe ina gode wa Allah da fentin nan. Bango kuwa naki ne, ki yi abin da kika ga ya dace.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki

Malam,

Na gode, Allah ya ƙara girma. Injiniya ya yi mita, amma bangon zai tsaya a cikin sabon ɗakin. Jiya na gwada alli a kai. Ko'ina yana kamawa, sai can sama, inda hannun Baba bai kai ba.

Taka,
Santsi